Ƙibar da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗe ƙafar wandona har gwiwa a gaban surukina ba, ina zaune tsakiyar zaurensa a Ƙanƙara, baƙi cike suna cin shinkafar ɗaurin aure. Ni da shekara ashirin da ɗoriya ina auren ɗiyarsa, bai taɓa ganin na kai ko kofin ruwa bakina ba. Kuma ba wanda ya tilasta mini. Ni na jawo abina da yatsana, ina murmushi lokacin da nake jawowa.

Ni manomi ne a Mabai. Gonar da nake ciyar da iyalina da ita ba tawa ba ce, ta surukina ce, Alhaji, ya ba ni aro tun ina da 'ya'ya biyu. Ƙasa ce mai kyau, masara da dawa, gefe guda waken suya. Na saba da ita har na san inda ruwa ke kwanciya da inda gara ke tashi. To a wata kaka sai na fara haki. In na ɗauki dami daga nan zuwa can sai na tsaya na dafa gwiwa. Daga baya in na kwanta sai in ji kamar an danna kaina cikin randa, in tashi zaune ina tari. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na sha maganin sanyi na kemis, har ranar da numfashi ya ƙi, aka kai ni asibiti a Ƙanƙara, su kuma suka tura ni Katsina.

A can likita ya ce zuciyata ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhuna. Suka yi ta yi mini allura ina fitsari kamar ba zan daina ba, numfashi ya dawo, amma ni na zube. Ranar da na kalli kaina a madubin banɗaki sai da na yi salati. Wuya kamar kara, ido ya faɗa, hula ta yi mini yawa. (Ƙafafuna sun ɗan kumbura a farkon ciwon, an gaya mini daga baya. Amma wanda numfashi ke gagara ba ya tsayawa duba ƙafa.)

Ranar sallama aka haɗa ni da wata nas, Sista Rabi, mace mai fara'a da saurin magana. Ta ce akwai wani shiri na masu ciwon zuciya da ke zaune nesa, musamman mu na wajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da hanya ba kullum take biyuwa ba, kowa ya san dalili. Maimakon mu riƙa zuwa Katsina, su za su riƙa duba mu daga inda suke. Ta fito da sikeli ɗan fale-fale mai fuskar gilashi, da abin awon jini da ake ɗaurawa a damtse, da waya ta shafawa. Ta ce in cire takalmi in hau.

Na hau. Lamba ta fito a tsakanin ƙafafuna. Sai ta juyo mini da kwamfutarta daga can ƙarshen ɗakin, ga lambar nan ita ma ta fito, da sunana a sama. Na sauka na ɗaga sikelin na duba ƙarƙashinsa. Ba igiya, ba rami, ba komai. Na sake hawa, ta sake fitowa can. Na tambaye ta ko daga Mabai ma haka zai yi, ta ce ko daga ina ne, in dai akwai sabis. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ni da na taso ana aika saƙon rashin lafiya da mai keke, yau ga shi tafin ƙafata zai yi magana da Katsina kafin a sauke koko.

Daga nan ta shiga bayani mai tsawo. Na ga bakinta yana motsi, na ga tana nuna ƙafa, tana nuna ƙirji, tana lissafa abubuwa da yatsu. Ni kuwa idona na ƙarƙashin teburinta ina neman inda igiyar ta ɓuya. Duk inda ta tsaya sai in ce to. Ta tambaye ni ko na gane, na ce ƙwarai. Mutum mai furfura ba ya son ce wa yarinya sa'ar ƙanwarsa ta maimaita. Abu uku na kamo daga cikin bayanin: in hau sikeli kowace safiya bayan na zaga, kafin in karya, kada in bari kowa ya hau, in rage gishiri. Sauran ya bi iska.

Da na dawo gida abin ya zama kallo. Maƙwabta na zuwa gaida ni, amma sikeli suke son gani. Taubashina Idi, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, ya yi ta roƙo in bar shi ya hau sau ɗaya, wai yana son Katsina ta san da zamansa. Na hana. Ya ce ai dole in hana, tunda in ya hau za a gane namiji ya hau.

Sista kuwa ba ta yi ƙarya ba. Wata safiya na ɗaura abin awon jini bayan mun ɗan yi sa-in-sa da wani a kan akuyarsa da ta shigo mini gida. Kafin hantsi ta kira, ta ce jinina ya ɗan hau yau, ko wani abu ya ɓata mini rai. Na juya na duba bayana, na duba kan katanga. Uwar yara ta yi ta dariya. Tun daga ranar in za mu yi gardama sai ta ce in yi a hankali, Katsina na ji.

Wani abin da ya ƙara mini son sikelin shi ne ni nake karanta lambar da kaina. Ban yi boko ina yaro ba, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar. Kafin ciwon nan na riga na iya haruffa, na iya lambobi har ɗari. To ga lamba tana fitowa a ƙafata kowace safiya, ba sai na kira kowa ba. Hamsin da takwas. Nakan faɗe ta da ƙarfi don a ji daga madafa.

Ana cikin haka Alhaji ya zo duba ni. Na tsuguna na gaishe shi, ya daɗe yana kallona, tausayi ya cika masa ido. Ya yi mini addu'a, sannan ya kawo maganar gona a hankali, yadda manya ke yi. Ya ce damina na matsowa, kuma ba ya son in kashe kaina a kan kunya. In zuwa shuka jikina bai dawo ba, bana Idi ya noma ta, a ba ni rabona. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma ni na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune. Idi na bakin ƙofa yana ta haɗiye dariya, da Alhaji ya tafi ya ce in gaya masa inda nake ajiye garma don kada ya sha wahalar nema.

Daga ranar na sa wa raina abu ɗaya: sai na mayar da jikina kafin ruwa ya sauka. A wurinmu kowa ya san yadda ake gane mai jinya ya warke. Kumatu su ciko, wuya ya yi kauri, a ce masa ya murmure. Ba a taɓa yi wa wanda ya rame barka ba. Na zauna na yi nazari irin nawa, na gano mai laifi: 'yar farar ƙwayar nan da nake sha da safe, wadda ke sa ni zarya bayan gida. Ba na iya riƙe alwala daga Azahar zuwa La'asar, a aji ma sai na fita sau da yawa malam na cikin karatu. Na ce wannan ita ke tsotse ni. Yaya mutum zai yi ƙiba ana tatse shi kullum? Sai na koma shan ta yau, gobe in huta. Daga baya hutun ya fi shan yawa.

Surukata Hajiya ita ma ta shiga aikin da zuciya ɗaya. Duk mai zuwa daga Ƙanƙara sai ta ba shi saƙo: kunun kanwa a jarka, farfesu ya ji dunƙule, yajin daddawa. Ta ce kanwa na gyara ciki, tana sa ƙarfi. Na ce wa kaina ai gishiri aka ce in rage, ba wanda ya ambaci kanwa. (An ambata. Tana cikin abubuwan da Sista ta lissafa da yatsu lokacin da nake leƙen ƙarƙashin tebur.) Ko da ma na sani, wa zai mayar da kwanon suruka da abinci a ciki?

Sai ga iskar farkon damina ta zo da ƙarfinta, ta kwashe rufin mutane, ta taɓa ƙarfen sabis ɗin da muke samu. Waya ta zama madubi. Ban fasa hawa sikeli ba, kowace safiya ina kai. Kuma a daidai wannan lokacin ne lamba ta fara tafiya. Hamsin da tara. Sittin. Na yi hamdala, na ƙara kofin kunu. Abin da ke damuna kawai shi ne Sista ba ta ganin wannan ci gaba, don na san da ta gani da ta yi murna.

Jiki ya ciko da sauri har ni ma na yi mamaki. Zoben azurfa da ke yawo a yatsana ya kama. Takalmi ya ƙi shiga sai na take dunduniyarsa. Zariyar wando ta fara yi mini shaida a ciki. Hakin ya ɗan dawo, amma na ce nauyin sabon jiki ne, ƙafa ba ta saba ba. Kwanciya ta koma jingina da bango a kan filo biyu, na ce zafin bazara ne. Uwar yara ce kaɗai ba ta shiga murnar ba. Ta ce ita wannan ƙibar ba ta kwanta mata ba, ƙiba ce mai sheƙi, kuma ta fi yawa a ƙasa. Ta ce mu je ko ɗakin shan magani ne a duba. Na ce mata ta bari in kai wa mahaifinta jikin nan tukuna, bayan nan a duba duk abin da za a duba.

Dama ta samu da ɗaurin auren ƙaninta a Ƙanƙara. Safiyar ranar sikeli ya ce sittin da uku. Na sa babbar riga ta shadda, na kafa hula, ƙwaya kuwa ko kallonta ban yi ba, wa zai so zaga-zaga a gidan surukai? Idi ya goya ni a babur. A hanya ya ce babur ɗinsa na kuka, ko dai buhun taki na ɓoye a cikin riga. Na ji daɗin maganar har raina.

Muna shiga gari waya ta fara ƙara a aljihuna, ƙit, ƙit, ƙit, ba ƙaƙƙautawa. Ashe duk lambobin da na tara tun ɗaukewar sabis suna ajiye a cikinta, suna samun hanya suka kwasa a guje zuwa Katsina gaba ɗaya. Ni ban san haka ba a lokacin. Na ɗauka gaisuwa wayar ke yi wa gari.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, manya suka koma zauren Alhaji aka kawo abinci. Duk wanda ya gan ni sai ya riƙe hannuna ya ce ma sha Allah, jiki ya yi kyau, ka murmure. Wani dattijo ya ce ko ni ne angon. Na je gaban Alhaji na tsuguna. Tsugunnin ya yi, tashin ne ya so ya gagara, sai na mayar da shi zama kamar da ma niyyata ke nan. Alhaji ya dube ni da fara'a ya ce lallai an samu sauƙi. Na sunkuyar da kai na ce ai kilo biyar na ƙara, da idona na karanta. Na ƙara da cewa garma ma na riga na kai maƙera an gyara. Na ga ya gyaɗa kai. Gona ta dawo hannuna, saura ya furta.

A nan wayar ta yi ringi. Na duba, na karanta sunan da kaina: Sista Rabi. Wani farin ciki ya kama ni. Ga shaida ta zo da ƙafarta. Na gaya wa mutanen zaure cewa wannan ita ce nas ɗin da ke ganin nauyina daga Katsina ba igiya, ta ga ƙarin da na yi ne ta kira ta yi mini barka. Cokula suka tsaya. Alhaji ya ce a ji mana. Na danna lasifika, na ɗora wayar a tafin hannu, na miƙa ta tsakiya.

Mun gaisa a gurguje. Ta tambayi jiki, na ce da sauƙi ƙwarai, alhamdu lillahi. Kuma don in yi mata adalci, sai da ta tambaye ni ko ina wurin da za mu iya magana, don tana jin hayaniya, tambayoyinta kuma na sirri ne.

Na ce, "Faɗi kawai, Sista, duk na gida ne."

Ta ce, "To Malam, jiya sau nawa ka yi fitsari?"

Ban san zaure na iya yin shiru irin wannan ba. Na ji ƙarar ƙuda a kan faranti. Na ce mata, da muryar da ni ma ban san ina da ita ba, lafiya lau ake yi. Ta ce ba lafiyarsa ta tambaya ba, yawansa ta tambaya, kuma da yawa yake fita ko kaɗan-kaɗan. Idi ya tura hula gaba ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Na laluba in kashe lasifikar, yatsana ya kumbura, na danna wani wuri daban, murya ta ƙara ƙarfi.

Ba ta jira amsa ba. Ta ce farar ƙwayar nan ta safe, yaushe rabona da ita, kuma kada in ce mata yau, don lambobin da ke gabanta ba na mai shan ta ba ne. Ta ce tana jin numfashina ta waya, ina yanke magana biyu kafin in kai ƙarshe. Sai ta shiga faɗa mini abin da ban gaya wa kowa ba. Ta ce takalmina ya daina shiga. Ta ce a zaune nake kwana ko a jingine. Ta ce da asuba ina tari. Kowace ta faɗa sai in ji kamar ta ɗaga labulen ɗakina. Kunya na cina, amma wallahi mamaki ya fi kunyar yawa. Mace tana zaune a Katsina, ba ta gan ni ba tun sallama, daga lamba kawai tana karanta ni kamar allo. Dattijon da ya ce ko ni ne ango ya dubi takalmana a bakin ƙofa, ga dunduniya a take, ya ce la ilaha illallahu a hankali.

Sai ta ce in buɗe hoton bidiyo tana son ganin ƙafata. Na ce ai ina cikin mutane. Ta ce ni na ce duk na gida ne, kuma wannan ba abin jira ba ne. Na dubi ƙasa. Alhaji ne ya yi magana.

"Yi abin da ta ce, Malam."

Idi ya karɓi wayar, wai shi zai riƙe, bai taɓa yi mini hidima da sauri irin ta ranar ba. Fuskar Sista ta fito, da farin hijabinta, tana kallonmu. Na tattare babbar riga, na naɗe wando har gwiwa, a gaban mahaifin matata da abokansa da limamin unguwa. Ƙafa ta fito tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, ba a ganin idon sawu. Ta ce in danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, in riƙe, sai ta ce in saki.

Na saki. Rami ya zauna a wurin, kamar wanda ake yi a malmalar tuwo. Muka zuba masa ido, ni da zaure gaba ɗaya, muna jira ya ciko. Bai ciko ba. Dattawa suka miƙo wuya. Alhaji ya gyara tabarau ya matso.

Ta ce, "Malam, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Kilo biyar ɗin nan duk ruwa ne zuciyarka ta kasa turawa. Ya cika ƙafa, yanzu huhu yake nema."

Idi ya daina dariya. 

Ta tambaya ko akwai babba a wurin. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ga shi, shi ne uban matata. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce a kai ni asibiti yanzu, ba bayan la'asar ba, ba bayan an kai amarya ba. Ta ce tun kafin ta kira ni ta riga ta yi magana da ma'aikatan asibitin garin, ta tura musu lambobina da sunayen magungunana, don ta yi niyyar ko ina Mabai ne a nemo ni. Ta tambaye shi ko ya san abin da nake ci. Alhaji ya ce iyakar saninsa ana kula da ni sosai, gidansa ma ana aika mini kunun kanwa. Ta ce kanwa da dunƙule da gishiri duk abu ɗaya suke yi wa mai irin ciwona, suna riƙe ruwa a jiki. Alhaji ya juya ya ce wa wani ya shiga ciki ya gaya wa Hajiya a dakata da kunu. Na so ƙasa ta buɗe. Na tona kaina, na haɗa da surukata.

Da aka kashe wayar ba wanda ya koma kan abinci. Alhaji ya daɗe yana kallonta a hannun Idi, ya ce:

"Ikon Allah. Muna zaune da kai gwiwa da gwiwa muna yi maka barka, ita tana Katsina ta ga ruwa cikin ƙafarka. Wanga zamani da mi ya zo?"

Motar da ke kusa ita ce wadda aka wanke aka ɗaura wa kyalle don ɗaukar amarya. A cikinta aka kai ni asibiti, ina gidan baya, ƙafar wando ɗaya a naɗe don na manta in sauke, yara na bin mu da gudu sun ɗauka amarya ce. Muna isa na tarar ana jirana da sunana. Ba tambayar daga ina, ba neman kati. Wani ma'aikaci ya duba wayarsa ya dube ni ya ce ni ne mai kilo biyar. Aka sa mini allura, kafin magariba na biya bashin duk zagayen da na ƙi yi. Likitan ya ce da na ƙara 'yan kwanaki a haka, da ba a zaune za a kawo ni ba.

Uwar yara ta zo da kwanon abinci marar gishiri, ta ajiye, ta dubi ƙafata, ta dube ni.  Da faɗa ta yi mini da ya fi wannan kallon sauƙi.

Kafin a sallame ni ƙibata ta tafi gaba ɗaya, na bar ta a asibiti. Na koma hamsin da takwas, wuya kamar kara, amma na kwanta a miƙe a gado na yi barci har da minshari. Sista ta kira, wannan karon na fita bayan ɗaki ni kaɗai. Ta sake yi mini bayanin nan daga farko, a hankali, ta sa na maimaita mata da bakina. In lamba ta hau da sauri, ba murna ba ce, kira ne. In babu sabis, in nufi asibiti mafi kusa, kada in jira. Ƙwayar fitsari kuma ta gyara mini lokacin shanta yadda ba za ta dame ni a aji ba. Ta ce da na gaya mata matsalar alwala tun farko da an daɗe da gyarawa. Na ce to. Ta ce wane irin to, irin na ranar sallama ko na gaske? Ashe ta lura.

Alhaji ya zo asibiti ranar da zan fita. Na yunƙura zan sauko in tsuguna ya ce in zauna. Ya ce ya yanke shawara: bana Idi zai noma gonar. Baɗi kuma ba shi zai yanke ba, ba ni zan yanke ba, ba kumatuna za a duba ba. Duk ranar da yarinyar nan ta Katsina ta ce na iya, gona tawa ce. Na ce na gode, Baba. Me zan ce? Mutumin da ya ga ƙwaurina ya ji lissafin fitsarina, ba sauran abin da zan yi masa gardama a kai.

Haka aka yi. Daminar nan na yi ta a gindin ɗorawar da ke bakin gona, Sista ta yarda in riƙa takawa can a hankali da safe. Ina zaune ina kallon Idi yana huɗa a karkace, ina gyara masa daga nesa, shi kuma yana ce mini in yi shiru ko ya kira Katsina. Masarar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, ko da yake da ni ne da ta fi haka. Har yanzu ban karɓi gonar ba, amma an ce lambobina sun zauna wuri ɗaya, kuma ana duba maganar.

Abin da na koya ba shi da yawa. In mai ilimi na yi maka bayani, ka dubi bakinsa, ka bar ƙarƙashin tebur. In kuwa Allah ya haɗa ka da wadda ke iya ganin cikin ƙafarka daga Katsina, ka gode masa, ka riƙe ta da kyau. Amma in ta tambaye ka ko kana wurin da za a iya magana, ka tashi ka fita waje.